Goro a Faskari, Lasisi a Sabuwa

Ranar da mutumin kamfanin abincin kaji ya zo sitona a bayan kasuwar Ƙanƙara, ko tashi daga kan tabarma ban yi ba. Na zaci irin masu zuwa ne su tauna masara, su yamutsa fuska, su ƙara gaba. Shi kuwa sai ya soka ƙarfen ɗiba a buhun ƙasa, ya soka a na tsakiya, ya zuba a tafin hannu ya hura. Sannan ya ce in har zan iya tara musu irin wannan, tirela bayan tirela, za su riƙa saye daga hannuna kai tsaye, ba dillali a tsakani. Na ce masa Allah ya sa alheri, da muryar babbar mace wadda ta saba jin irin wannan magana kullum. Yana juya baya na ja ƙofar sito, na yi rawa ni kaɗai tsakanin buhuna har mayafina ya faɗi. Na haura hamsin a lokacin, kuma gwiwata ta hagu ba ta yafe mini wannan rawar ba sai bayan kwana uku.

Siton na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Da ya rasu, shekara biyar kafin nan, na ajiye allin da nake koyarwa da shi a firamare na ɗauki makullinsa. Ban canja komai ba. Sunansa ne a allon da ke bisa ƙofa, sunansa ne a rasit ɗin da ma'aikatan kasuwa ke yanka mini, manoman da yake hulɗa da su a Ruwan Godiya da Tafoki su ne dai nawa. In aka tambaye ni sai in ce ina riƙe wa marigayi ne, kamar wanda ya je unguwa zai dawo da la'asar.

Murna ba ta bar ni na yi tunani ba. Washegari na shiga mota sai Ruwan Godiya. Kaka ce, ana ta sussukar masara, masu saye da arha sun fara kewaya ƙauye da motocinsu don sun san lokacin ne manomi ya fi matsuwa. Na tara mutanenmu a ƙofar gidan wani tsoho, aminin maigidana, wanda kowa ke kira Baba. Na ce kada wanda ya sayar da ko tiya ɗaya. Su riƙe mini wata guda, ni zan kwashe duka a farashin da ba su taɓa gani da kaka ba.

Baba ya dube ni ya ce, "Hajiya, yaran nan na da bukukuwa gabansu, wasu kuma ruhin ɗaki ke jiransu kahin damina. Amma tunda ke kika hwaɗa, mun riƙe."

Na dawo gida ina 'yar waƙata a kujerar baya, har direba ya rage rediyonsa don ya ji ko lafiyata ƙalau.

Bayan kwana biyu mutumin kamfanin ya kira. Komai ya yi, in ji shi, saura abu ɗaya: takardar shaidar biyan haraji, da sunan wanda zai sa hannu a yarjejeniya, kafin wata ya cika. Ya ƙara da cewa in nemi masanin haraji mai lasisi ya shirya mini, don sun sha ganin takardun bogi, kuma in suka kama ɗaya to magana ta mutu. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne. Da na kashe waya na janyo gwangwanin madarar da nake tara rasit a ciki, na leƙa, na mayar na rufe. Ban san wane ne masanin haraji ba, ban kuma san a wane layin kasuwa suke zama ba.

Nan Yaya ya shigo cikin maganar. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomi, amma a danginmu kowa ya san noma ba ita ce sana'arsa ta gaskiya ba. Shi ne mai binciken aure. Shekara talatin ba a ɗaura aure a zuri'armu ba sai Yaya ya sa farar hularsa, ya cika aljihu da goro, ya je garin mai nema ya tono har kakan kakansa. An san shi da wannan a duk yankinmu. In aka ga Yaya zaune a rumfar wanzami a garin da ba nasa ba, to mata su fara tanadin gudunmawa.

Da na gaya masa halin da nake ciki, ya gyara zama ya ce, "Mutumin da za ya ga cikin dukiyarki, ya san abin da kika samu da abin da kika ɓoye, ai ya hi suruki kusa. Ba a miƙa irin wannan ga wanda ba a san asalinshi ba. Ki bar mani."

Wallahi sai na ji maganar ta zauna mini daram. Ni da na yi shekara ashirin ina koya wa yara su karanta tambaya kafin su amsa, na tafa hannu na ce Yaya ka gama magana. Muka tattara sunaye uku daga bakin 'yan kasuwa, duk wanda aka ce ya iya harkar takardun gwamnati: ɗaya a nan Ƙanƙara, ɗaya a Sabuwa, ɗaya a Faskari. Yaya ya ce kowanne sati guda zai ba shi, don bincike ba ya son gaggawa.

Ga yadda Yaya ke aikinsa. Ba ya zuwa wurin mutumin da kansa, a wurinsa wannan rashin kunya ne. Wanzami yake fara nema, sai ladan, sai mai nama, sai tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin. Kuma ba ya faɗin dalili. In aka matsa masa sai ya miƙa goro ya ce, "Saboda wata ƙanwata ne," ya kama bakinsa. Tambayoyinsa kuwa ba su canja ba tun ina budurwa. Wane ne ubansa, wane ne kakansa, akwai taɓin hankali a gidan, yana fitowa sallar asuba, yaya yake da mahaifiyarsa, in ya yi fushi yana jifa da kwano.

Na Ƙanƙara bai kai ko'ina ba. Yaya ya dawo ya ce a manta da shi, an tabbatar masa yana cin tsire a tsaye bakin titi, kuma ya taɓa wuce jana'iza bai sauka daga babur ba. Na ce Allah ya tsare mu. Har yau ban sani ba ko bawan Allahn nan yana da lasisi, watakila ma guda uku gare shi. Tsire dai ya kayar da shi.

Daga Sabuwa Yaya ya dawo da fuska a yamutse. Mutumin yana sallah, yana kula da uwarsa, ba a taɓa jin muryarsa a layi ba. Amma ubansa baƙo ne, aikin hanya ya kawo shi garin ya zauna, ba wanda ya san kakan. Ga gajeriyar riga, ga tsohon babur mai tari. "Asali bai hito ba," in ji Yaya, ya karkaɗe hularsa.

Daga Faskari kuwa yana walƙiya ya dawo. Wani Alhaji ne, jikan liman, tsohon akawu, gemu fari tas, kullum sahun farko. Matarsa ta rasu bara kuma har yanzu shi ke ciyar da uwarta. Yaya ya rantse tunda ya fara wannan aiki bai taɓa samun mutum mai tsabta haka ba. Aka aika masa ya zo ranar Asabar da hantsi.

Ni kuwa duk tsawon makonnin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Tirela kawai nake gani a gabana. Na sayi sabuwar atamfa mai ruwan ƙwai, abin da ban yi ba tun da na fita takaba, na sa aka yi mini lalle, ina tafiya a kasuwa ina murmushi da buhunan gero. Mai kayan miya ta ƙara mini tattasai ta ce Allah ya sanya alheri. Matar maƙwabcina ta aiko da turaren wuta ba dalili. Ƙanwar maigidana ta zo ta zauna, ta yi ɗan kukanta, ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, ai na yi haƙuri. Na ɗauka labarin kamfani ne ya bazu, na yi ta amsa amin da ƙarfina. Garuruwa uku sun ga Yaya da farar hula da goro, sun gan ni da lalle, kowa ya gama fahimta. Ni kaɗai ce a Ƙanƙara ban san ana shirin aurena ba.

Ranar Asabar ƙamshin turare ne ya fara yin sallama, Alhaji ya biyo baya. Babbar riga ce a jikinsa, ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa. Dattawa biyu ne suka rako shi, ɗaya riƙe da ƙwaryar goro, ɗaya da ledar alewa. Yaya ya shimfiɗa musu darduma a zaure. Na fito da gwangwanin madarata a hammata, na zauna daga gefe, aka yi gaisuwa mai tsawo. Sai babban cikin dattawan ya gyara murya ya ce sun ji irin binciken da aka yi, sun gode da aka ga ɗan'uwansu ya cancanta, su ma sun yi nasu binciken, kuma ba su ji komai game da Hajiya ba sai alheri.

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina ashe haka masanan haraji suke, su ma sai sun binciki mutum kafin su karɓi aikinsa. Na buɗe gwangwani na zazzage rasit na shekara biyar a kan darduma, dab da ƙwaryar goro.

"Alhaji, ga su nan duka," na ce. "Kwana tara suka rage mani. Amma kamfanin sun ce in hwara ganin lasisinka."

Alhaji ya dubi rasit, ya dubi goro, ya dubi Yaya. Yaya ya dubi goro shi ma, ya dubi sitacin rigar, sai na ga bakinsa ya buɗe a hankali bai rufu ba.

"Hajiya," in ji Alhaji, "wane lasisi?"

"Na aikin haraji mana."

"Ni takardun hwansho nike cike ma tsohhi. Sai takardar koke in an ci ma mutum iyakar gona. Haraji kam ban taɓa ba." Sai ya ƙara da ƙaramar murya, "Halan ba maganar aure ba ce?"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Na tashi da gudu na shige cikin gida, na dafa turmi ina yi har hawaye na zuba a kan sabuwar atamfata. Tattasai ya dawo mini, turaren wuta ya dawo mini, kukan ƙanwar maigidana ya dawo mini, kowanne da sabuwar dariyarsa. Da na samu na dawo zaure na iske dattawan biyu sun kife a kan juna, Alhaji kansa ya cire hula yana fifita da ita yana cewa sau biyu ya mayar da rigar nan wurin mai guga, 'ya'yansa mata har farar ƙasa sun shafa wa ɗaki. Na ji tausayinsa, na kuma ji kunyarsa, amma dariyar ta ƙi tsayawa. Yaya ne kaɗai bai yi ba. Yana ta maimaita wa bango cewa shi bai ce aure ba, shi bai taɓa cewa aure ba.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Baba ne daga Ruwan Godiya.

"Hajiya, motocin nan sun dawo, sun ɗan ƙara bisa na da. Yara na ta zuwa wurina. Mu ci gaba da riƙewa?"

Nan take dariyar ta ɗauke. In na ce su sayar, na saki maganata da hannuna. In na ce su riƙe, takarda kuma ta ƙi fitowa, masu motocin nan za su dawo su saye ta yadda suka ga dama, biki ya lalace wa wani, ɗakin wani ya kai damina ba rufi, kuma duk saboda ni. Bakina ya mutu a ƙauyen nan ke nan, ya tafi da na maigidana.

"Ku riƙe, Baba," na ce.

Alhaji ya ji komai. Ya mayar da hularsa ya ce, "Hajiya, in dai haraji ne, akwai wani yaro a Sabuwa. Duk wanda ya zo mani da abin da ya hi ƙarhina, can nike tura shi. Wani mai gajeriyar riga."

Yaya ya buɗe baki ya ce, "Ai asalinshi..."

Na ce, "Yaya, don Allah sha ruwa."

Goron nan Alhaji ya bar mana shi, ya ce ba zai koma Faskari da shi a yi masa dariya sau biyu ba.

Ranar Litinin, sai da rana ta ɗaga muka kama hanya, don yanzu ba mai sammako a hanyoyinmu, kowa ya san dalili. Yaya ya biyo ni har Sabuwa. Ofishin ɗaki ɗaya ne jikin wani kyamis, da teburi da kujeru uku da fanka mai juyawa in ta ga dama. Tsohon babur ɗin na jingine a ƙofa. Mutumin, da kowa ke kira Malam, bai wuce arba'in ba, kuma rigar gajeriya ce kamar yadda aka faɗa.

"Sannu da zuwa, Hajiya," ya ce. Ya juya wurin Yaya da ladabi. "Sannu Baba. Kai ne ka tambayi wanzamina ko ina jihwa da kwano."

Yaya ya yi tarin da ba shi da shi.

"Ba ni jihwa," in ji Malam. "Amma da ka ƙaraso nan ranar, da na gwada maka wancan ka huta." Ya nuna wata takarda cikin gilashi a bango.

Na miƙe na karanta ta daga sama har ƙasa, da hatimi da lamba da komai, har na fara hamdala. Sai ya ce kada in yarda da gilashi, kowane shagon buga takardu zai iya yin wanda ya fi wannan kyau. Ya sa na fito da wayata, ya nuna mini inda ƙungiyar ƙwararrun da ke ba su lasisi ta jera sunayen mutanenta, ya ce in rubuta lambar da yatsana. Na rubuta, na yi kuskure, na sake. Sai ga sunansa ya fito, da alamar ya sabunta na bana. Ya ce wannan sabuntawar ita ce abin dubawa, don lasisin da aka bari ya kwana ba shi da bambanci da takardar ƙunsa ƙosai. Sati uku da goron da ya ishi ɗaurin aure muka kashe, abin da muke nema ashe yana cikin jakata, bai kai tafasar shayi ba. Na ji kamar in rangaɗa guɗa, na tuna an riga an ce aure nake nema, na haɗiye.

Ya faɗa mini sharuɗɗansa kafin in tambaya. Ladan aikinsa a rubuce za mu yi shi tun yanzu, kowa ya sa hannu. Harajin kansa ni zan je banki in biya da hannuna a asusun gwamnati, in kawo masa shaida, shi ba ya taɓa shi. Ba zai yi mini alkawarin rana ba tunda ba shi ke ba da takardar ba, amma zai bi ta da ƙafarsa. Kuma duk wanda ya ce zai kawo mini ita gobe ba tare da ya ga rasit ko ɗaya ba, in riƙe jakata da kyau.

Halin kasuwa bai bar ni ba. Na rage murya na ce, "Malam, ba a ɗan rage ma mutum?"

"Hajiya, abin da doka ta yahe maki zan tono maki shi ko shina ƙarƙashin dutse. Kuɗin mota, dako, hayar sito, duk ana cirewa. Abin da ba ta yahe ba kuwa, ni ban da almakashi."

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Amma a nan ne na ji hankalina ya fara kwanciya da shi.

Sai ya yi abin da ya sa na ƙara ganin girmansa. Ya rubuta sunayen 'yan kasuwar hatsi biyu a Damari da ya yi wa irin wannan aiki, ya miƙa wa Yaya da hannu biyu, ya ce Yaya ya je ya tambaye su kafin Hajiya ta sa hannu. Yaya, da ya yi kwana biyu kamar kazar da ruwa ya daka, nan take ya miƙe ya gyara farar hularsa. Ni na rubuta masa tambayoyin wannan karon: takardar ta karɓu a inda aka kai ta, ya ƙara lada daga baya, yana ɗaukar waya bayan an sallame shi. Na ce kuma don Allah ya faɗi dalili tun daga sallama, ya bar goro a aljihu. Da la'asar ya dawo yana taku ɗaiɗai. "Ya ci," ya ce. "Na ƙara tambaya guda tawa. Shina zuwa ta'aziyya."

Yayin da Yaya ke Damari, Malam ya baje rasit ɗina yana jerawa. Can ya ɗago.

"Wannan sunan wa?"

"Maigidana."

"Shina ina?"

"Ya rasu, shekara biyar."

Ya yi masa addu'a, muka shafa. Sannan ya ce, "To wa ke sayen masarar?"

"Ni."

"Wa ke sayarwa?"

"Ni."

"In aka yi asara wa ke ramewa?"

Na nuna ƙirjina da yatsa.

"Hajiya, marigayi ba ya sa hannu a yarjejeniya. Sabuwar rajista za mu yi, da sunanki."

Ji na yi kamar an ce in sauke rigarsa daga ƙusar da take rataye. Tsoro ya kama ni, na kuma ji kamar zan ci amanarsa. Na fita na zauna a bencin kyamis na yi kukana, mai kyamis ya leƙo ya tambaya ko ciwon kai ne. Na tuna Baba da maganarsa ta mun riƙe. Na share fuska da bakin mayafi na koma ciki, na faɗa wa Malam sunana harafi bayan harafi, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

Satin nan ban san yadda ya wuce ba. Yau banki, gobe neman takardar rabon gado da na adana a ƙasan akwati, jibi hoto, gata a sake hoto don na farko ina dariya. Malam na tsakanin Sabuwa da ofishin haraji kamar mai safara. Baba kuwa kowace safiya sai ya kira. Ba ya tambayata komai, gaisuwa kawai yake yi ya ce a gaida gida, kuma wannan ya fi tambayar ciwo. A kasuwa ana ta tsokanata, mai kayan miya ta ce in dawo mata da tattasanta tunda an fasa.

Ana gobe wa'adi zai cika, Malam ya iso Ƙanƙara da takardar cikin ambulan. Yaya da kansa ya shimfiɗa masa dardumar nan ta surukai. Na karɓa, na duba, na sake dubawa, na shiga sito na ja ƙofa. Gwiwar hagu ta sake shan wahala, amma wannan karon ban ba ta haƙuri ba. Alhajin Faskari ma da ya ji ya aiko da barka, kuma har yau Yaya na cewa asara ce a bar bincike mai tsabta irin wannan ya tafi a banza.

Ranar da tirela ta shiga Ruwan Godiya sai da ta karya reshen darbejiya kafin ta samu wurin tsayawa. Mata na guɗa daga bayan danga, 'yan dako na ta fito da buhuna daga rumbuna da ɗakunan da aka ɓoye su wata guda. Ba wanda ya sayar da ko tiya ɗaya. Ina tsaye gefen sikeli Baba ya zo da sandarsa ya ce in nuna masa takardar nan da ta hana shi sakat. Na fito da ita. Ya riƙe ta nesa da ido, ya juya ta, ya shafa hatimin da babban yatsa.

"Ban iya bokonku ba," ya ce. "Karanta mani. Sunan wa ke ciki?"

Na karanta masa. Da na zo kan sunan na ce, "Nawa ne, Baba. An cire na amininka."

Ya miƙo mini takardar.

"Hajiya, aminina ba mu ajiye shi cikin takarda ba, balle a cire shi. Masarar nan kuwa ba don shi muka riƙe ta ba. Shekara biyar mun san da wa muke ciniki. Ke ce dai sai da gwamnati ta hwaɗa maki."

Ya juya ya daka wa 'yan dako tsawa su yi hankali da bakin buhu. Ni kuma na ninke takardar na soke ta a jaka, na koma kan sikeli, ina kallon allurar da ƙyar saboda ruwan da ya cika mini ido.